Ranar da Tabawa Ta Taka Karofi

An ce wai a wani gari da ya yi suna wajen rini, an yi wata mace ana ce mata Tabawa. Mijinta marini ne, da ya rasu rijiyoyin rininsa biyar suka faɗo hannunta da 'ya'yanta mata. Shekara ashirin ita ke gaya masa abin da rijiyoyin ke so. Kullum yakan ɗebo ruwan a ƙoƙo ya kai mata gida, ta sansana, ta ɗanɗana da bakin harshe, ta ce a ƙara toka, ko a bar wannan ta huta. Shi kuma ya koma karofi, inda marina ke aiki, ya faɗa da babbar murya, a ce gwani ne. Duk garin an san haka, amma ba wanda ya taɓa faɗa.

Da ta fita takaba ta ɗauki muciyar juya rijiya ta nufi karofi. Nomau, Sarkin Marina, ya tare ta a bakin hanya.

Ya ce, "Ina zuwa da muciya haka, Tabawa? Tuwo za ki tuƙa mana?"

Ta ce, "Aikina na zo yi."

Ya ce, "Mace ba ta taka nan. Hannun mace na kashe rijiya, haka muka gada. Ki bar min su in riƙe miki."

Ta ce, "Kai da rininka ke zuba tun wankin fari?"

Marina suka yi dariya, amma ba wanda ya matsa mata. Ta sani rijiyar da ba a juyawa mutuwa take yi, kuma ba ta da wani abin ciyar da 'ya'yanta sai su. Ta wuce gidan alƙali da muciyar a kafaɗa.

Alƙalin, Malam Ishaƙa, tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya sa aka kira Nomau, ya saurari kowa, sannan ya ce, "Sarkin Marina, ka tabbata hannun mace na kashe rijiya?"

Nomau ya ce, "Allah gafarta Malam, ko yaro ya san wannan."

Alƙali ya ce, "To, na karɓi maganarka. Tabawa, kada ki taka karofi."

Tabawa ta dubi tsohon, ta ga rawanin da ke kansa ma daga rijiyarta ya fito. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Ban gama ba. Tun da abin ya kai haka, wajibi ne a kare dukiyar mutane. Daga yau duk abin da hannun mace ya taɓa, kada ya shiga rijiya. Ganyen baban rinin da mace ta daka ta dunƙula, haram. Tokar da mace ta tankaɗe, haram. Tufar da mace ta kaɗa zarenta, haram. Wanda ya saɓa, a rufe rijiyarsa."

Nomau ya yi godiya har ƙasa. Sai da ya kai ƙofa murmushin ya bar fuskarsa, don a garin nan ba namijin da ya taɓa kaɗa zare.

Kwana goma sha ɗaya ba a tsoma ko ƙyalle a karofi ba. Maza suka kulle kansu a gida suna dakan baba, ya yi musu funfuna. Fatake suka ɗaure kayansu suka nufi wani gari. Tabawa kuwa ba ta yi murna ba. Tana zaune tana jin warin rijiyoyinta na canjawa daga nesa, ta san biyu sun tafi.

Rana ta goma sha biyu Nomau ya koma gaban alƙali da marina a bayansa, aka kira Tabawa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a sassauta. Daka da tankaɗe da kaɗi ai ba sa cutar da rijiya."

Alƙali ya ce, "Wato hannun yana da tsarki a turmi, yana da tsarki a rariya, sai ya zo inda ake yabo da ciniki ya zama guba? Ban san irin wannan hannun ba. Hannu ɗaya ne, Sarkin Marina. Ko yana kashewa ko ba ya kashewa. Ka zaɓa a gaban jama'a."

Nomau ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba ya kashewa."

Tabawa ta ce, "Ban ji ba, Nomau. Rannan ka fi haka murya."

Ya sake faɗa. Ta ɗauki muciyarta ta tafi karofi, ta kwashe matattun rijiyoyin biyu da hannunta, ta juya ukun da suka rage. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ba wanda ya biya ta asararta, kuma kafin sati Nomau ya aiko mata da ƙoƙo ta ɗanɗana masa.

Wanda ya ce mace ba ta isa ta tsaya a wurin aiki ba, a fara cire masa duk abin da hannunta ya yi, sannan a tambaye shi a kan me yake tsaye.