Mai Auna Jinin Kaji

Akwai wani ɗan Tasawa, Moutari, da ya yi karatun digirin dokta a Lyon ta Faransa wajen 2012. Bincikensa a kan kajin gidan gona ne, masu saurin girman nan. Kullum ya ɗora su a sikeli, ya ɗaga fiffike ya ɗebi jini, ya auna sukari da kitse. Daga labo, wato ɗakin bincike, sai ɗakinsa a unguwar Minguettes, shi da tukunyar shinkafa. Ko Sallah a cikin kajin yake yin ta. Kaɗaici kam ya ci shi, girman kai ne ya hana shi faɗa.

Duk Faransa mutum ɗaya gare shi: yayarsa Hassia, mai sayar da atamfa a Saint-Denis kusa da Paris, wadda ta goye shi yana jariri. Ita ma ita kaɗai take tun rasuwar mijinta.

In ta kira, ko gaisuwa ba ya bari ta ƙare.

"Yaya, ina labo. Lafiya?"

"Lafiya lau, autan Inna. Ƙishirwa ce dai ta dame ni, sai in sha ruwa kamar raƙumi. Ga hazo-hazo a idona."

"Gajiyar kasuwa ce. Ki huta, zan kira ki."

Ina! Bai kira ba. Ta sake faɗa masa, ya sake cewa gajiya ce. Da ta ga haka, sai ta daina faɗa. Watanni suka wuce.

Wata safiya ya lura da wata kaza ta manne wa mazubin ruwa, sha kawai take. Nan take ya cafke ta ya ɗebi jini, don ya san yawan ƙishirwa ba banza ba ne. Sirinjin na hannunsa maganar Hassia ta faɗo masa. Ya ajiye shi, ya zaro waya.

Ya kira ta. Maƙwabciyarta Rékia ce ta ɗauka.

"Kai ne ƙanen? Sai yanzu? Tana asibiti. Sukari ne, ya daɗe yana cin ta."

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ko rigar labo bai cire ba. Likita ya ce da an auna jininta da wuri, da idanun sun tsira.

Ya yi sallama a bakin gadonta. Ta juyo wajen muryar, ta miƙo hannu tana lalube har ta taɓa fuskarsa.

"Autan Inna, ka rame. Kajin dai suna girma ko?"

Wallahi, durƙushewa ya yi yana kuka kamar yaro.

Darasi: Ilimin da ya ga ciwon kaza bai ga na 'yar'uwa ba, da sauransa. In naka ya ce ba ya jin daɗi, ajiye aikin ka saurare shi yau. Ku tura wa 'yan'uwanmu na nesa labarin nan, wataƙila wani ya kira gida.