Gishirin Miyar Baba Gwadabe

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Tanimu. Shi ke riƙe da gidan gajiyayyu na garin, inda ake kula da tsofaffin da ba su da kowa. In ka tambayi masu girki sai su ce, "Malam? Ai ba ya faɗa." Maigadi ya ce bai taɓa ganin shugaba yana yanke wa tsoho farce ba sai shi. Su kuwa na ofis abin da suke cewa ɗaya ne: "Mutumin nan ba shi da tsari." To, ku saurara.

Sai hukuma ta shirya kwas na mako biyu don horar da shugabannin irin waɗannan gidaje, aka ɗora wata jami'a, Hajiya Saude, a kai. Rahotonta ne zai nuna wanda zai ci gaba da riƙe gidansa da wanda za a sauke. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ta ga gidajen da sakaci ya kashe, shi ya sa ba ta wasa. Amma Malam Tanimu ya kai ta bango. Rubutu a hankali, don da girmansa ya shiga boko. Magana kuwa sai an ja.

Ta ce, "Malam Tanimu, mene ne shugabanci?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, bari in ɗan yi tunani."

"Shekara goma sha ɗaya kana kan kujera, yau za ka fara tunani? Ikon Allah!"

Ta ce kowa ya rubuto tsarin tafiyar da gidansa. Wasu suka kawo shafi goma, da zane-zane da kibiyoyi. Shi ya kawo shafi biyu, sunaye zalla. Ta ɗaga takardar gaban aji tana karantawa: "Iya Kande, kada a taɓa mata ƙullin tsummanta. Baba Gwadabe, a tambaye shi gishiri." Aji ya kwashe da dariya.

"Tsari na ce ka rubuto, ko sunayen masu karɓar goron biki?"

"Hajiya, da kin bari na yi bayani..."

"Zauna, don Allah!"

Ya zauna. 

Nan take ta tura ɗalibinta mafi ƙwazo, Malam Isiyaku, ya riƙe gidan Malam Tanimu na mako guda, kowa ya ga yadda ake yi. Isiyaku ya kafa jadawali, ya rataya ƙararrawa, kowane ma'aikaci da wurin tsayuwarsa. Kullum da safe Malam Tanimu sai ya nemi izinin leƙa gidan, kullum ta ce a'a, ya bar mutane su yi aiki.

Rana ta huɗu ta je dubawa. Tsakar gida fes, hankalinta ya kwanta. Sai Uwani mai girki ta tare ta, ludayi a hannu.

"Hajiya, Baba Gwadabe yau kwana uku bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa."

"Ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa lau. Ba a tambaye shi gishiri ba ne."

"Ke, yi mini Hausa!"

"Ai Hausar ke nan, Hajiya. Shekara talatin yana da rumfar tuwo a tasha, mai kuɗi ya ci, marar shi ma ya ci. Da aka kawo shi nan ya rantse ba ya cin sadaka. Shi ne Malam Tanimu ya koya mana dabara. Mu kai masa kwano mu durƙusa, mu ce Baba ɗanɗana mana ko gishiri ya ji. Ya ɗanɗana ya yi faɗa, ya sake ɗanɗanawa ya yi faɗa, har kwano ya ƙare."

"To me ya hana ku yi?"

"Sabon shugaba ya ce mai girki ba ta barin tukunya lokacin rabo. Na gaya masa, ya ce ba ya cikin jadawali. Ai yana cikin takardar Malam. Ba a ba ki ba?"

An ba ta, jama'a. Ita ta karanta da bakinta aka yi dariya.

Hajiya Saude ta karɓi kwanon abinci ta shiga ɗakin Baba Gwadabe. Tsohon yana kwance, ya juya wa ƙofa baya, tuwon jiya na nan a rufe ba a taɓa ba. Ta durƙusa da tsadadden leshinta.

"Baba, ɗanɗana mana ko gishiri ya ji."

Ya juyo ya dube ta. "Ke kuma wace ce?"

"'Yar koyo ce, Baba."

Ya tsoma yatsa ya lasa. "Da gani. Daddawa ta yi kaɗan. Kawo in sake ji." Sai da ya ci rabin kwano yana mita.

To 'yan'uwa, ku ji da kyau. Ban ce tsari ba shi da amfani ba, ban ce kada a je kwas ba. Amma wanda aka ba amanar mutane, farkon karatunsa shi ne ya san su ɗaya ɗaya, ya kiyaye mutuncinsu kamar yadda yake kiyaye cikinsu. Kai mai gida, ke shugabar ma'aikata, sau nawa na ƙasa da ku ya ce "bari in yi bayani" kuka ce zauna? Haba! Sauraro ba ya rage girma. Kuma in ka ci mutuncin mutum a gaban jama'a, kada ka ja shi lungu ka ce ya yi haƙuri.

Washegari ta shiga aji da takardar nan mai shafi biyu. Ta ba da labarin abin da ta gani, ba ta rage komai ba, ta ce Malam Tanimu zai koma riƙe gidansa yau, kuma kowa zai rubuto irin tasa takardar. Shi dai tambaya ɗaya ya yi: "Hajiya, ya ci?"

Ta ce ya ci. Sannan ta zagayo daga bayan tebur ta tsaya gabansa, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Malam Tanimu, a nan na sa aka yi maka dariya, a nan zan faɗa. Ni ce ban saurara ba. Na yi maka laifi. Don Allah ka yafe mini."