Facin Kan Inna Kande

Ku matso ku ji! Wannan ba "an ce" ba ne, da idona na gani, idon nan da bai taɓa neman tabarau ba.

Damina ce ta kayar da katanga a kan Inna Kande mai ƙosai, ta fasa mata ƙoƙon kai. Likita ya ce sai an toshe ramin da faci daidai shi, in ba haka ba a fara neman likkafani. Akwai injin da ke ƙera facin, amma jaki ne, abin da aka ɗora masa kawai ya sani. Hoton kan da aka ɗauka kuwa ya cakuɗa komai a fayil guda: ƙashi, haƙora, wuya, har matashin da ta kwanta a kai.

'Ya'yanta uku. Babban, Sagiru, zanen gidaje yake a kwamfuta, ni ne ma na koya masa. Ya zauna yana jujjuya kan uwarsa a allo kamar mai zaɓen kankana, hawaye na zuba. Ya dinga tsince ƙashi ɗaya-ɗaya, kowanne ya ware shi a fayil ɗinsa. Ya kwaikwayi lafiyayyen gefen ya zana facin, ya fitar da shi shi kaɗai. Ba don shi ba, da har matashi injin zai ƙera.

Mai bi masa, Balaraba, ko kunna kwamfuta ba ta iya ba, tuwo ta kawo masa. Ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Yaya, haƙorin Makkan Inna a dama yake. Wa ya kai shi hagu?" Ashe hoton a juye ya zo, kamar a madubi. Ba don ita ba, da facin ya fito a baibai, kuma sai an buɗe kan tsohuwa sannan a gane bai shiga ba.

Autan, Ɗanliti, bakanike ne. Babu wuta, da janareto ake ƙera facin, ana tsaka da aiki tiyon mai ya tsage. In injin ya tsaya sai a koma farko, Inna kuwa ba ta da wannan lokacin. Yaron nan ya damƙe tiyon, hannunsa na jikin ƙarfe mai zafi, har aka gama. Ƙaurin naman har waje. Yatsu biyu sai yankewa aka yi.

Inna ta farka, amma ba dukanta ta dawo ba. Ta dube su kamar 'yan kallo, ta ce ita haihuwa ɗaya ta yi, wanda ya gyara mata kai. Daga hannunsa kaɗai za ta ci abinci, sauran baƙi ne, a fitar mata da su. Likita ya ce kada a yi mata gardama, kuma kada su sa ran za ta canza magana.

Batun na koya wa Sagiru kwamfuta, to, wannan ni na ƙara gishiri. Amma kokon Inna da gaske yana can yana hucewa, ta ƙi buɗe baki. A cikin ukun nan, wa zai ɗauki ludayi ya ce "Ni ne, Inna," su waye kuma za su fita?