Farantin Magajin Rafi

An yi wani sarki a birnin Marke, adali ne gwargwadon hali, sai dai yana da saurin gaskata wanda ya fi kowa ɗaga murya. Arzikin ƙasarsa kuwa a kan kogi guda ya rataya, daga gare shi mutane da dabbobi ke sha, da shi masu lambu ke ban ruwa. Amanar kogin tana hannun Magajin Rafi Cindo, mai ƙaton rawani da tumbi daidai da shi, wanda ba ya zaman fada sai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, muddin ina numfashi, ko ɗigo ba ya barin kogin nan sai da izinina. Kifi ma in zai sha, sai ya yi mini sallama."

Sai zamani ya juya. Damina tana zuwa, ko da ba kamar da ba, amma bazara ta ƙara zafi, iska ta ƙara bushewa, har kogin ya rame, akuya na tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba. Sarki ya tambayi Cindo ina kogi ya tafi. Cindo bai sani ba, kuma "ban sani ba" kalma ce da ba ta taɓa bi ta maƙogwaronsa ba, saboda haka ya ce mutanen Tunga, masu lambu a sama da gari, su ke sace ruwan. A rushe lambunansu, a kori dagacinsu Barmo.

Aka kawo Barmo, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, albasarmu a kwance take, rijiyoyinmu sun ja baya. In mun saci kogi, ina muka ɓoye shi? A aljihu?"

Sarki ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai Waziri Haladu ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki imani, hukunci ba ya lalacewa don an jinkirta shi wuni guda. Tun da Magajin Rafi ya iya tsaron kogi, farantin ruwa ba zai gagare shi ba. A ba shi ya tsare a filin fada daga hantsi zuwa la'asar. In ruwan bai ragu ba, maganarsa hujja ce."

Cindo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Aka kawo faranti mai faɗi, Waziri ya zuba ruwa, ya ja layi da gawayi daidai bakin ruwan.

Cindo ya zauna da takobi a cinya. Kaza ta matso, ya kore ta. Ƙuda ya sauka, ya yi masa tsawa. Amma da rana ta take tsaka ya leƙa, sai ya ga layin gawayi a sama, ruwa a ƙasa. Ya shafa gindin faranti, a bushe ƙayau. Ya waiga dama da hagu. Babu wanda ya matso, babu wanda ya sha, ga shi kuwa ruwa yana tafiya a gaban idonsa ba sallama.

Da aka kira azahar jama'a suka nufi masallaci, ya ce shi a nan zai yi tasa, don amana. Ya jawo buta, ya yi alwala mai tsawo dab da faranti, bakin buta kuwa ya riƙa kuskure. Kafin la'asar sai da alwalarsa ta karye sau da dama, har dogarai suka fara tausaya wa cikinsa.

Da fada ta cika, Cindo ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ko ɗigo bai ɓata ba! A kori Barmo."

Sarki ya yi ishara, aka fito da wani faranti irin wancan sak, ruwansa ya sauka nesa da layi. Ya ce, "Wannan, bisa shawarar Waziri, ni da kaina na tsare shi a tsakar gidana, ban ɗauke ido ba. Waziri, wa ya saci ruwan sarki?"

Waziri ya ce, "Wanda ya saci kogi, ranka ya daɗe, kuma ba ya kamuwa da dogari. Kamar yadda tururi ke tashi daga tukunya, haka rana da busasshiyar iska ke ɗauke ruwa daga kogi da tafki da gona, sai dai ido ba ya gani. Zafin zamaninmu ya fi na kakanninmu, don haka rabon da sama ke karɓa ya ƙaru. Ƙasa ta kwana da ƙishi, in ruwa ya sauka sai ta sha ta ƙoshi kafin ta bar wa kogi saura. Amma ga bushara." Ya sa aka kawo tulun da ya cika tun hantsi, ya rufe da faifai a inuwa, ruwansa na nan har wuya. "Abin da aka shimfiɗa wa rana shi take ci. Mu daina tare ruwa a faffaɗan tafki marar zurfi, mu haƙa masu zurfi da ƙaramin baki, mu rufe ƙasar lambu da kara da ciyawa, mu yi ban ruwa da sanyin safiya da yamma. Ba za mu hana ta ci ba, amma za mu rage mata loma."

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya sallami Barmo da girma, ya ce a Tunga za a fara haƙa. Ya ce, "Saura ƙiris in rushe gonakin bayin Allah a kan laifin rana. Mai mulkin da ya hukunta na kusa don mai laifin ya fi ƙarfinsa, zalunci biyu ya yi: ya cuci marar laifi, ya kuma bar ɓarna tana ci."

Cindo ya fara sulalewa ta bayan dogarai, sai Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mana farantin Magaji, mu ga karama."

Aka kawo shi tsakiyar fada. Ruwa ya haura layin gawayi, har ya wanke shi.

Waziri ya duba, ya ce, "Tubarkalla! Na sarki ya rame, na Magaji ya haihu."

Sarki ya ce, "Magaji, da izinin wa wannan ya shigo?"

Fada ta kece da dariya. Cindo ya ja da baya, sai ga buta ta suɓuto daga cikin babbar rigarsa, ta gangara har gaban sarki, ba ko ɗigo a cikinta.