Waken da Ya Ruɓe a Ajin Malama Ni'ima

Akwai wata malama mai suna Ni'ima, 'yar Gwallaga, da ta samu aikin koyar da ƙananan yara a wata makaranta a Gwallameji. Shekara biyu ta yi tana zaune a gida da takardunta kafin ta samu, shi ma na gwaji ne, zango ɗaya. Idan ba ta gamsar ba, sai ta koma zaman gida.

Wata safiya shugabar makarantar, Madam Cecilia, ta kira ta ofis.

"Saura kwana goma taron iyaye. Ki koya wa yaranki yadda iri yake yaɗuwa, yake tsirowa. Ina so kowane yaro ya nuna shukarsa. A ranar zan yanke shawara a kanki."

Tun daga nan Ni'ima ta rasa sukuni. Ta tara gwangwanayen madara ashirin da huɗu, ta cika su da ƙasa, yara suka saka wake. Ta jera su a baranda, tana zuba ruwa safe da rana, har ƙasar ta koma taɓo.

Baba Obadiya, dattijon da yake share makarantar yana kula da furanni, ya tsaya da tsintsiyarsa.

"Malama, ki huda gindin gwangwanin nan da ƙusa. Ruwan ya yi yawa, ba shi da hanyar fita."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba, ka ji da shararka. Wannan abin a kwaleji na karanta shi."

Kai, jama'a! Mutumin da ya yi noma tun ba a haife ta ba. Ya ci gaba da shararsa.

Ita kuwa zama ya gagare ta. Tana cikin rubutu a allo sai ta ajiye alli, ta fita ta leƙa gwangwani. Ta sa yatsa ta tono waken, ta juya shi, ta mayar. Yara fa idonsu a kanta yake. Kafin kwana uku kowa ya zama mai tono.

Ranar kwana na shida wari ya tarbe ta tun daga bakin aji. Waken ya ruɓe gaba ɗaya, ko ɗaya bai tsira ba. Ta zauna a kan ƙaramar kujerar yara, hawaye na zuba.

Da aka tashi ta hau keke har GRA, wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Niyyarta ta sayi tsirrai ta dasa a gwangwanayen, ta ce na yara ne. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye. Yara ashirin da huɗu za ta sa su yi wa iyayensu ƙarya? Kunya ta kama ta, ta juyo hannu wofi.

Washegari ta sami Baba Obadiya yana yi wa furanni ban-ruwa. Ta rusuna.

"Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini. Saura kwana uku, aikina zai tafi."

"Ba komai, 'yata. Jiƙa sabon wake yanzu. Kafin a tashi za mu shuka. Amma da sharaɗi: hannu ba zai sake shiga ƙasar nan ba."

Ya kawo ƙusa da dutse ya huda gwangwanayen, ya haɗa sabuwar ƙasa da yashi. Sannan ya ce ta fito da yaran bayan katanga.

A can ya nuna musu 'yan tsirran dogonyaro jere a gindin katangar, ya ce tsuntsaye ne suka sha 'ya'yan suka yar da ƙwallon. Ya fasa busasshen ɗan tumfafiya, audugar ta tashi, yara suka bi ta da gudu suna ihu. Ya ciro ƙarangiya daga safar wata yarinya, Lailatu.

"Kin ga wannan? Kyauta kika ɗauko ta, ke ce kekenta."

Kwana ukun nan Ni'ima ta sha wahala. Ta je barandar ta fi sau nawa, hannunta a naɗe cikin hijabi don kada ya kai ga ƙasar.

Ranar taro, gwangwani tara ne kawai suka fasa ƙasa, su ma ɗan kai ne a lanƙwashe. Wani uba ya taɓe baki.

"Shi ke nan abin da aka kira mu mu gani?"

Lailatu ta yi caraf ta ce, "Abba, na sauran suna ciki, ba su gama shiri ba!" Nan yara suka ɓarke, wannan yana ba da labarin tsuntsu, wancan na iska, har iyaye suka fara tafi.

Madam Cecilia ta dubi Ni'ima.

"Ke kika koya musu duk wannan?"

Da ta ce eh, ba mai musa mata. Amma sai ta ce, "A'a, Madam. Ni ruɓar da na farko na yi saboda gaggawa da girman kai. Baba Obadiya ne ya koya musu, har da ni."

Ni'ima ta sunkuyar da kai, ta riga ta sallama aikin.

Madam Cecilia ta rufe littafinta.

"Malamar da ba ta jin kunyar koyo ita nake nema. Zango mai zuwa ajin nan naki ne."

Darasi: Kada takardarka ta sa ka raina wanda ya san abu da hannunsa, kuma abin da ka shuka, iri ne ko yaro, ka ba shi lokacinsa. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani yana can yana tono yanzu haka.