Wa Zai Raɗa wa Ɗan Damisar Kwarin Tsamiya Suna?

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba na son mai ce mini duk ɗaya ne.

Akwai wani gandun daji can ƙurya, Kwarin Tsamiya, inda mota ke sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa. A duk faɗinsa damisa mace ɗaya ta rage, ga ta da tsohon ciki. In ta mutu, zancen damisa ya ƙare a dajin nan. Wata safiya Dakta Saratu, likitar dabbobi daga Zariya, ta zo buɗe ido da kyamararta da takalmin 'yan birni. Ta tarar da ma'aikatan gandun sun yi cirko-cirko, kwana biyu ba a ga sawun damisar a mashaya ba.

Barmo ne ya ɗauki gaba. Tsohon mafarauci ne da ya tuba, yanzu shi ke yi wa baƙi jagora. Kukan birai kawai ya bi, ya ratsa da su duwatsu da kwazazzabai har gindin wata ƙirya. Ga damisa kwance, tarkon waya ya ci mata ƙafar gaba. Ba don shi ba, da sai ungulu ce za ta nuna wurin. Amma da ya dubi ƙullin wayar sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗaurin hannuna ne. Shekara shida ke nan da na ɗana shi, na manta ban kwance ba." Da ya yi shiru, wallahi ba wanda zai sani.

Ba su gama jimami ba sai ga mutanen rugar da ke bakin gandu, da bindigogin adaka da sanduna. A cikinsu akwai Ja'e, makiyayin da damisar ta cinye wa maruƙa biyu bara. Shi ne ma ya hango su Barmo ya kai labari ruga, wannan ba zan ɓoye muku ba. Amma da ya ga cikinta yana motsi, zuciyarsa ta karye. Ya sha gaban bindigar kawunsa ya ce, "Kawu, maruƙan nawa ta ci, ba naku ba, kuma na yafe. Mai harbinta sai dai ya fara da ni." Haka ya tsaya cikin rana har suka gaji suka juya suna zaginsa.

Saura Dakta. Bindigar harba allurar barci tana can ofis, tafiyar yini. Ta ɗauko maganin daga akwatin da ma'aikata suka riƙo, ta ɗaure sirinji a bakin gora, ta lallaɓa. Damisa ta kai mata yakushi ta tsarge mata dantse, amma allura ta shiga. Jini na zuba daga dantsenta, ta yanke wayar, ta wanke ciwon ta ɗinke, sannan ta waiwayi nata hannun. Sai dai da ka ta ƙiyasta yawan maganin, don ba ma'aunin gwada nauyin damisar. Bayan mako biyu damisa ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ba rai. Da bakinta Dakta ta ce mai yiwuwa allurarta ce ta yi yawa. Ni dai abin ya taɓa mini zuciya.

To, al'adar gandun ita ce, wanda ya ceci dabba shi ke raɗa wa ɗanta suna, kuma mutum ɗaya ake ba. Shugaban gandu ya tara su ukun, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya kasa fid da gwani. Har yau ɗan damisar na yawo ba suna.

Ku da bakinku ba ya gajiya, ga fili. Tsakanin Barmo da Ja'e da Dakta Saratu, wa ya kamata ya raɗa sunan nan?