Tsaga a Ƙarƙashin Tabarma

Akwai wani mutum da ba shi da gida a tudu. Gidansa jirgin ruwa ne na katako, dogo mai faɗin ciki, wanda ya gada daga mahaifinsa. Jirgin ba shi da inji. Matarsa ce ta ɗinke buhuna suka zama babban zane, shi kuma ya ɗaura zanen a jikin doguwar gora. Idan iska ta buso sai ta cika zanen ta tura su. Da haka yake dakon dawa da gishiri da busasshen kifi daga wannan kasuwar bakin ruwa zuwa waccan.

A tsakiyar jirgin akwai rumfar zana. A nan suke kwana, a nan matar take girki kan murhun da aka kafa cikin kaskon yashi, a nan kuma aka haifi 'ya'yansu uku. Keziya ce babba, sai Obadiya, sai Murna wadda take goye. Manyan biyu sun iya iyo tun ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba. Sun san kukan dorina, sun san hadarin da zai zubar da ruwa da wanda zai wuce. Uwarsu tana koya musu karatu da gawayi a jikin katako, ran Lahadi kuma duk garin da suka tsaya sai su nemi majami'a su shiga.

Mutumin nan ba rago ba ne, ba kuma mashayi ba ne. Kowace safiya shi yake bi da iyalinsa cikin addu'a. Amma yana da wani hali guda: duk wanda ya kawo masa mummunan labari, shi ne mai laifi.

Wata rana Obadiya ya ga igiyar zanen ta fara tsinkewa, ya ruga ya gaya wa mahaifinsa. Uban ya ce ai shi ne yake lilo da ita, ya kwance igiyar ya zane shi da ita. Wata rana Keziya ta ce ɓera ya huda buhu. Uban ya tambaye ta ina idonta yake lokacin da ɓeran ya shigo, ya hana ta tuwon ranar. Matar ma da ta ce gishiri ya fara jiƙa, sai da ta ji sunan uwarta da na ubanta a gaban 'ya'yanta.

A tudu, yaron da aka biyo da bulala yakan faɗa ɗakin kakarsa, ko maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ba da haƙuri. A cikin jirgi ina yaro zai gudu? Gaba ruwa, baya ruwa. Don haka yaran suka koyi abu ɗaya da zai cece su, wato yin shiru. Suka daina cewa wani abu ya karye, suka daina cewa cikinsu yana ciwo. Ko me aka tambaye su, amsa ɗaya ce: lafiya lau.

Mutumin kuwa ya ji daɗin wannan ƙwarai. Idan suka tsaya a gaɓa yakan nuna wa sauran masu jirage 'ya'yansa, yana cewa su dubi tarbiyya, ba a taɓa jin muryar yaro a jirginsa ba. Su kuma suna yaba masa, gama daga nesa tsoro da ladabi kamarsu ɗaya.

Ana nan, bayan girbi, ya cika jirgin da buhunan dawa zai ƙetare wani babban tafki, wanda idan kana wannan gaɓar ba ka hango waccan. Suka yi addu'a, ya ɗaga zanen, ya koma can bayan jirgin ya zauna riƙe da filafilin da yake juya shi. Daga wurin zamansa ba ya ganin abin da ke cikin rumfa.

Da hantsi, gaɓa ba ta ko ɓace musu ba, uwar tana gaban jirgin tana shanya wanki, ta ce wa Obadiya ya matso da dutsen niƙa kusa da murhu. Dutsen ya fi ƙarfinsa. Ya ɗaga, jirgin ya ɗan karkata, dutsen ya suɓuce ya faɗa kan katakon ƙasa. Uban ya ɗaga murya ya tambayi mene ne wannan. Keziya ta amsa da sauri cewa tukunya ce ta gangara.

Da suka janye dutsen sai suka ga katakon ya tsage. Tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba, ruwa yana tsattsafowa a hankali kamar gumi. Ku sani, wannan gyara ne da mai jirgin zai gama kafin ruwan zafi ya tafasa. Yana da tsumma, yana da kwalta, yana da ƙusoshi, gaɓa kuma ga ta nan kusa. Abin da ya rage kawai a buɗe baki a gaya masa.

Obadiya ya dubi yayarsa. Keziya ta dubi bayan ƙanenta, inda shatin igiya bai gama bajewa ba. Sai ta ɗauko tsumma ta cusa a tsagar, ta jawo tabarma ta rufe, ta zauna a kai. Obadiya ya ɗauki ƙoƙo yana kwarfe ruwan da ya taru yana zubawa a ƙwarya, ita kuma tana miƙa hannu ta gefen rumfa tana watsarwa, kamar mai wanke kwanuka.

Can uwar ta shigo ta ga zanen Keziya sharkaf. Ta ɗaga gefen tabarma, ta gani. Ta miƙe kamar za ta fita wurin mijinta, ta kai bakin rumfa, ta hango fuskarsa, sai ta dawo. Ta ce da yaran ƙasa-ƙasa su ci gaba da kwarfewa, in Allah ya kai su wancan ƙetare ita za ta san yadda za ta gaya masa. Ta kwantar da Murna, ta ɗauki wani ƙoƙon ita ma.

Da rana ta take, uban ya ji jirgin ya yi masa nauyi a hannu. Ya kira ya tambaya ko lafiya a ciki. Mutum uku suka haɗa baki suka ce lafiya lau. Ya gyara zama, ya ci gaba da waƙar yabo da yake rerawa.

Suna tsakiyar tafki iska ta ƙaru. Raƙuman ruwa suka fara dukan cikin jirgin, katakon da ya tsage ya buɗe baki gaba ɗaya. Ruwa ya taso da tabarmar, ya kashe murhu, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Sai a lokacin matar ta yi kururuwa. Mutumin ya faɗo cikin rumfa, ya ga abin da ba tsumma ko kwaltar da za ta toshe. Ya shiga jefa buhunan dawa cikin ruwa, amma sun riga sun jiƙe sun yi nauyi. Obadiya kuwa, da yake yana ganin laifinsa ne, ya tuɓe rigarsa ya nutsa yana neman cusa ta a ramin. Jirgin ya kwanta gefe guda, buhuna suka zubo suka danne masa ƙafa.

Allah ya sa akwai masunta a kusa. Suka garzayo da kwalekwalensu, suka karɓi uwa da jaririya, suka ɗauki Keziya, suka taya uban jawo Obadiya daga ƙarƙashin buhuna da karyayyar ƙafa. Suna ji suna gani jirgin ya nutse, da rumfa, da murhu, da zanen da matar ta ɗinka da hannunta.

Da aka kai su gaɓa, mutumin bai tsaya duba ƙafar ɗansa ba. Ya kama Keziya a kafaɗa ya tambaye ta tun yaushe jirgin yake yoyo. Ta ce tun hantsi. Ya ce wa ya sani? Ta ce dukansu. Ya ɗaga hannu zai mare ta a gaban masuntan, yana tambaya me ya hana su gaya masa.

Yarinyar ba ta kauce ba. Ta ce, "Baba, mun fi tsoronka da ruwa."

Da ma a ce maganar nan ta shiga zuciyarsa. Da ma a ce ya durƙusa a yashin nan ya yi kuka ya nemi gafarar iyalinsa. Bai yi ba. Masuntan ne suka riƙe masa hannu. Daga ranar kuma, duk inda ya zauna labarinsa ɗaya ne: 'ya'yansa da uwarsu sun nutsar masa da jirgin gado, 'ya'yan zamani ba su da gaskiya. Har aka sami masu taya shi jimami suna girgiza kai.

Ƙafar Obadiya ta warke a karkace, da ɗingishi ya girma. Yaran suna tasawa kowa ya kama gabansa. Ba su taɓa yi wa mahaifinsu rashin kunya ba. Sukan zo su durƙusa su gaishe shi, su ajiye masa goro da sabulu, su tashi. Amma da Keziya ta yi ɓari, a bakin mai sayar da kifi ya ji. Da aka kwantar da Obadiya a asibiti, sai bayan an sallame shi wani ya gaya masa. Ya tsufa a bukkar aro a bakin tafkin nan yana gyaran tarun wasu, yana mamakin abin da ya yi wa 'ya'yansa da ba sa shawara da shi.

Ma'anar wannan misali kuwa ga ta. Jirgin nan gidanka ne, kai mai gida. Ruwan da ke kewaye da shi duniya ce da gwaje-gwajenta. Babu gidan da ba ya tsagewa. 'Ya'yanka za su yi kuskure, za su faɗa cikin zunubi, wani lokaci kuma wani ne zai cuce su. Tsagar ba ita ta nutsar da jirgin ba. Ɓoyewar ce, wanda kuwa ya koya musu ɓoyewa shi ne mutumin da ke zaune a baya yana waƙar yabo.

Ina magana da ku, iyaye maza, kuma ba zan sassauta ba. Akwai gidajen da idan aka ji ƙarar babur ɗin mai gida, dariya takan mutu a tsakar gida. Yara su shige ɗaki, uwa ta gyara fuska. Kai kuma kana kiran wannan kwarjini. Ran Lahadi ka zo ka zauna a kujerar gaba, kana yi wa baƙi murmushin da 'ya'yan cikinka ba su taɓa gani ba. A wannan lokaci ɗanka ya fara shan maganin tari tare da abokai, yana so ya daina, bai san wa zai gaya wa ba. 'Yarka akwai wani babba, wataƙila ɗan'uwanka ne, da yake taɓa ta inda bai kamata ba, ta kuma san idan ta faɗa ita za a fara mari. Sai abin ya kai inda ba ya gyaruwa ka fito kana ihu, wai an zubar maka da mutunci. Mutuncinka ne ya dame ka, ba ran yaron da Allah ya ba ka amana ba. Wannan abin kunya ne a cikin jama'ar Ubangiji.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana horo. Ba a hana ba. Yaron da ya yi taurin kai a hore shi. Amma wanda ya zo da ƙafarsa ya ce, "Baba, na yi ɓarna," ya riga ya yi abin da manya da yawa suka kasa. Idan ka sāka masa da bulala, ba ɓarna ka hana shi ba, gaskiya ka hana shi.

Ku iyaye mata, na san wasunku ku ma a tsorace kuke, ba na kuwa ɗora muku laifin mazajenku. Duk da haka, shirun da ake yi don a zauna lafiya yau yakan ci ƙafar yaro gobe. Idan ba za ki iya tunkararsa ke kaɗai ba, ki nemi dattijo ko wata uwa a cikin ikkilisiya su raka ki. Mu ma shugabanni mu bincika kanmu, ko mun zama irin masu jiragen nan da suke yaba shirun yara ba su tambayi dalilinsa ba.

Ku yara, Ubanmu na sama ba haka yake ba. Wanda ya zo gare shi ya furta laifinsa ba ya korarsa, yakan gafarta, ya kuma gyara abin da ya lalace. Idan akwai abin da kake ɓoyewa, kada ka jira ya girma. In ba ka iya gaya wa mahaifinka ba, ka gaya wa malamarka ta makarantar Lahadi yau ɗin nan kafin ka tafi gida.

Kai kuma uba, idan an tashi sujada ka kira 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya. Ka zauna ƙasa yadda idonka zai yi daidai da nasa, ka sa hannuwanka a baya. Ka fara da neman gafararsa. Sa'an nan ka tambaye shi ko akwai abin da ya daɗe yana so ya gaya maka, ka yi shiru ka jira. Mai yiwuwa abin da za ka ji ya ƙona maka rai. Yaron zai faɗa yana kallon fuskarka, kuma abin da ya gani a kanta a wannan lokaci shi zai nuna ko zai sake gaya maka wani abu har ka koma ga Mahaliccinka.